Kwanciyar Hankali a Paspanga: Inda Gaskiya ta Tsaya da Inda Jita-jita ta Fara

Kwanciyar hankali, kamar yadda Hausawa ke nufi da ita, hali ne da mutum ke iya ɗaukar nauyin yau da kullum, na ci da sha da iyali da sana'a, ba tare da tunani ya hana shi barci ko fargaba ta raba shi da aikinsa ba, kuma ba ta nufin rabuwa da matsala gaba ɗaya, domin babu mai rai da ya taɓa samun haka. Da yake abu ne da kowa ke nema, maganganu a kansa sun yi yawa a unguwar Paspanga ta birnin Wagadugu, inda Hausawan zango ke zaune cuɗe da Mosi da sauran ƙabilun Burkina Faso: ana jin su a majalisar shayi da bakin masallaci da gidan biki, sannan a 'yan shekarun nan wayar hannu ta ƙara musu gudu ta WhatsApp da Facebook da TikTok. Abin da ya sa suke da wuyar kawarwa shi ne kusan kowace tana ɗauke da guntun gaskiya, sai dai an ja guntun har ya rufe abin da bai isa ya rufe ba.

Mazauna wannan yanki ba su rasa dalilan damuwa na zahiri ba. Hausawa sun daɗe a Wagadugu, tun zamanin da ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro tsakanin Kano da Gwanja ke ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi, amma tsohuwar unguwarsu ta Zangwetin an rushe ta a 2003 a ƙarƙashin shirin sake fasalin tsakiyar birni da ake kira ZACA, aka watsa maƙwabtan da suka yi shekaru aru-aru suna gaisawa zuwa filaye masu nisa a gefen gari. Ranar 1 ga Satumba 2009 kuma ruwan sama mai yawan milimita 263 ya sauka a kan birnin cikin kusan rabin yini, ya shafi mutane kimanin 150,000, ya ci gidajen ƙasa a Paspanga da Dapoya da ke kusa da madatsun ruwa, har ya shiga babban asibitin Yalgado Ouédraogo aka kwashe marasa lafiya. Daga 2015 zuwa 2023 kuma rikicin masu ɗauke da makamai ya raba mutane fiye da miliyan 2 da gidajensu, bisa ƙidayar hukumomin ƙasar ta 2023, kuma da yawa daga cikinsu a gidajen dangi suka sauka a birane. Binciken da likitocin ƙasar suka gudanar a 2015 a kan manya fiye da 2,500 ya gano cewa kimanin kashi 41 cikin 100 na da alamun aƙalla lalura ɗaya ta tunani ko ƙwaƙwalwa, adadin da ya haɗa masu sauƙi da masu tsanani, wanda kuma ya isa ya nuna cewa ba zancen wasu 'yan tsiraru ake yi ba.

Maganar da ta fi kowace yaɗuwa, ta kuma fi kowace cutarwa, ita ce wadda ke cewa damuwa raunin imani ce, wai mai tawakkali na gaskiya ba ya shiga ƙunci. Guntun gaskiyar da ke cikinta sananne ne: salla da zikiri da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciyar mai yin su, suna tsara masa yini, suna haɗa shi da jama'a sau biyar a rana, kuma yarda da ƙaddara tana sauke wa mutum nauyin zargin kansa a kan abin da ba shi da iko da shi. Har ta fuskar jiki akwai abin lura, domin wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2001 ya nuna cewa maimaita addu'a a hankali kan sassauta numfashi zuwa kusan sau 6 a minti, abin da ke daidaita bugun zuciya, ko da yake a kan addu'ar Kiristocin Katolika da ta masu yoga aka yi gwajin, ba a kan wazifa ba. To amma daga nan zuwa cewa duk mai baƙin ciki imaninsa ne ya yi rauni akwai tazara mai nisa, kuma tarihin addinin kansa bai goyi bayan wannan tsalle ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har ya taɓa masa gani, kuma malaman sira sun sanya wa shekara ta goma bayan aiko Manzon Allah, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, sunan shekarar baƙin ciki. Babu malamin da ya taɓa kallon waɗannan a matsayin tawayar imani.

Wanda ya fi fayyace wannan mas'ala a cikin magabata shi ne Abu Zaid al-Balkhi, malamin ƙasar Khurasan da ya rasu a shekarar 934, wanda a littafinsa Masalih al-Abdan wa al-Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda ke da sanannen dalili, kamar mutuwa ko asarar dukiya, wanda nasiha da tunani mai kyau ke sauƙaƙawa, da kuma wanda ke saukar wa mutum ba tare da wani dalili bayyananne ba, wanda ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani irin na jiki. Likitancin zamani, bayan fiye da shekara dubu, bai yi nisa da wannan rabo ba. Abin da ake kira ciwon damuwa shi ne ƙunci ko mutuwar sha'awar komai da ke ɗaukar mafi yawan yini, kusan kullum, har tsawon mako biyu ko fiye, tare da lalacewar barci da cin abinci, da kasala, da ganin kai ba shi da amfani, wani lokaci har da tunanin gara mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a 2019, masu addini da marasa shi. Ɗaya daga cikin alamunsa ma ita ce nauyin jiki wajen ibada, saboda haka mai gaya wa irin wannan majinyaci cewa imaninsa ne ya ragu ya ɗauki alamar ciwo ya mai da ita laifi, ya kuma ƙara masa ainihin abin da ciwon ke ci da shi, wato zargin kai. Akwai kuma masu ganin cewa maganin abin shi ne mutum ya ƙaurace wa mutane ya duƙufa ga ibada dare da rana, alhali ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, wadda Bukhari ya ruwaito, ta tabbatar da cewa jiki da iyali suna da nasu haƙƙin da ba a tauye shi da sunan nafila.

Kusa da wannan akwai zancen iskoki da sammu, wanda ake jingina masa duk wata faɗuwar gaba ko firgita cikin dare. Imani da gaibu ba shi ne abin tantancewa a nan ba. Abin tantancewa shi ne da'awar cewa irin waɗannan alamu ba su da wani bayani sai wannan, kuma da'awar ba ta inganta ba. Bugun zuciya mai ƙarfi da gumi da sarƙewar numfashi da jin kamar ajali ya zo, waɗanda ke tasowa farat ɗaya su lafa cikin mintoci, sanannen ciwon firgici ne mai magani, kuma ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo mai sa jiki zafi da rawa da faɗuwar sukarin jini duk suna iya kawo makamancinsu. Ba dole ba ne a zaɓi tsakanin malam da likita: tun a 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama da danginsu a cikin gari, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Abin da ke da haɗari shi ne jinkirin watanni kafin a je asibiti, da ɗaure majinyaci da mari, da dukansa da sunan fitar da aljani, alhali sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Yalgado tafiyar ƙafa ce daga Paspanga.

Magana ta biyu a girma ita ce wadda ta mai da haƙuri da shiru abu guda. Haƙuri ginshiƙi ne a tarbiyyar Bahaushe, har Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa shi cikin siffofi goma tare da kunya da hankali da mutunci, kuma gaskiya ne cewa mai iya danne fushi na ɗan lokaci yakan tsira daga nadama mai yawa. Sai dai karin maganar nan da ke cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba an yi ta ne domin riƙe sirri da amana, kuma idan aka miƙa ta ta zama hujjar hana mai ciwo faɗin ciwonsa an ɗora mata kayan da ba nata ba. Mata ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan fassara, musamman masu jego, waɗanda kunya ke hana su cewa ba su jin daɗin jaririn da kowa ke taya su murnarsa, kuma idan suka yi ƙorafi amsar da suka saba ji daga uwa ko gwaggo ita ce a yi haƙuri, kowa da haka ta saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da lalurar tunani bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa, wanda idan aka bar shi yakan shafi shayarwa da girman yaro.

Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin magana daga Afirka ta fito. A birnin Harare na Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya fara wani shiri a 2006 inda aka horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari mai damuwa, su taimaka masa ya jera matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya da zai iya taɓawa, ya tsara matakin farko. Gwajin da aka buga a mujallar JAMA a 2016, mai mutane 573, ya nuna cewa bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a rukunin waɗanda ba su zauna a bencin ba adadin ya kai kusan kashi 50. Wannan bai nuna cewa kowace hira magani ce ba, kuma a nan ne masu cewa majalisa ta wadatar suke kuskure, domin matan Harare an koya musu sauraro da riƙe sirri, ita kuwa majalisar shayi, duk da amfaninta wajen kore kaɗaici, wuri ne da maganar da aka yi da la'asar kan iya kai wa ƙarshen unguwa kafin isha'i. Abin da ke aiki shi ne amintaccen mutum guda, ɗan'uwa ko limami ko ma'aikacin jinya, wanda zai ji ba tare da yanke hukunci ba.

Batun ƙwayoyi kuwa jita-jita ta juya shi kai ƙasa, ta wanke mai cutarwa ta shafa wa mai amfani baƙin jini. Matasa masu aikin ƙarfi da masu sana'a a kan babur sukan ce tiramol na kashe gajiya ya kawar da tunani, kuma a sa'o'in farko haka abin yake, domin maganin ciwo ne daga dangin ofiyom wanda ke taɓa sinadaran jin daɗi na ƙwaƙwalwa. Amma iyakar abin da likita ke yarda babba ya sha a yini shi ne miligiram 400, alhali ƙwayoyin da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya a Afirka ta Yamma sukan ɗauki miligiram 200 ko 225 a ƙwaya guda, don haka mai haɗiye uku ya riga ya wuce iyaka, ga haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya, ga sabon da ke sa in an rasa ta jiki ya ɗauki rawa da gumi da fargabar da ta fi wadda aka gudu. Haka maganin barci na diyazefam, wanda masu tallan magani a faranti ke sayarwa ba takardar likita, yana sa sabo cikin 'yan makonni, kuma tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a ba da irinsa ga wanda bala'i ya firgita a kwanakin farko. Magungunan ciwon damuwa na asibiti, irin su amitiriftilin da fuluwoksetin, su ne ake yi wa ƙazafin cewa suna haukatarwa ko su mai da mutum bawansu. Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce suna iya kawo jiri ko bushewar baki ko yawan barci a farko, ba sa nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa huɗu ko fiye, kuma barinsu farat ɗaya yana wahalarwa, shi ya sa likita ke rage su sannu a hankali bayan watanni. Ba sa sa maye, ba sa kuma sa ƙishirwar ƙarin ƙwaya irin ta tiramol.

Shayi da goro ba su kai wannan haɗari ba, amma cewa da ake yi suna kwantar da hankali rabin gaskiya ce: zaman da hirar su ne ke kwantarwa, abin da ke cikin kofin kuwa sinadarin kafeyin ne mai farkarwa, wanda jiki ke ɗaukar kimanin sa'a 5 kafin ya kawar da rabinsa. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da sa'a 6 kafin kwanciya aka sha, yana rage barci da fiye da sa'a guda. Mai shan shayi mai kauri bayan isha'i, ya ɗora da Nescafé, ya kwana yana latsa waya, sannan ya tashi asuba, da wuya ya samu sa'a 7 da ake so babba ya yi, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Wagadugu ke haura digiri 40, ɗaki ya ƙi kwantuwa. Ƙailula gajeriya tana rage gibin, tafiyar ƙafa kuma tana gyara barci da yanayin zuciya, kuma minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara bai fi ƙarfin mai zagaya bakin madatsar ruwa ko dajin Bangr Weogo da sassafe ba.

Akwai cututtuka biyu da bakin jama'a ya ɗora wa tunani kacokan. Gyambon ciki, wanda ake cewa olsa, an daɗe ana ganin damuwa da yunwa ne ke kawo shi, har likitoci ma sun yi wannan zato, sai da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawansa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Sauran kuma yawanci daga yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen ne. Damuwa tana iya tsananta zafin, amma kwanciyar hankali ba ta kashe ƙwayar cutar, sai maganin da likita ya haɗa na mako ɗaya zuwa biyu. Hawan jini ma haka: ɓacin rai yana ɗaga shi na ɗan lokaci, damuwa mai tsawo tana cikin abubuwan da ke taimaka masa, sai dai gado da shekaru da ƙiba da yawan gishiri da dunƙulen miya suna da babban rabo, kuma ciwo ne da galibi ba ya nuna alama. Wanda ya ajiye maganinsa don ya aurar da 'yarsa ko ya biya bashi hankalinsa ya kwanta yana jefa kansa cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, domin awo kaɗai ke nuna ko jini ya sauka.

Saura maganar kuɗi, wadda ake yi ta fuska biyu masu karo da juna, wasu su ce dukiya ba ta da alaƙa da kwanciyar hankali, wasu su ce ita ce gaba ɗayanta. Ta farko ta fi daɗi a bakin wanda ya ƙoshi, kuma bincike bai gaskata ta ba. A yammacin Kenya, masana tattalin arziki Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro sun bibiyi gidajen talakawa da ƙungiyar GiveDirectly ta ba kuɗi kai tsaye ba tare da sharaɗi ba, kuma sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna raguwar damuwa da ƙunci da ƙaruwar gamsuwa da rayuwa a gidajen da suka samu. Ga magidancin da kuɗin haya da na makaranta da buhun masara ke hana barci, nasihar da ba ta taɓa aljihu ba ta yi rabin aiki ne kawai, shi ya sa adashe da zakka da rage ɗawainiyar biki da gara, wadda ke jefa gidaje cikin bashin shekara saboda gudun gori, suke cikin sha'anin lafiyar zuciya kai tsaye. Ta biyun kuma tana da iyakarta. Nazarin da Matthew Killingsworth da Daniel Kahneman da Barbara Mellers suka fitar a 2023 a kan ma'aikatan Amurka ya gano cewa jin daɗin mafi yawan mutane yana ci gaba da ƙaruwa tare da samu, amma akwai wani rukuni na waɗanda suka fi kowa ƙunci da ƙarin kuɗi ke daina yi musu amfani bayan samunsu ya kai kimanin dala 100,000 a shekara, kuma masanan sun danganta ragowar ƙuncin nasu da abubuwa irin su rashin masoyi da mutuwar makusanci da ciwon damuwa.